McLaren F1: Nazarin Abin da Ke Sa Mota Ta Cika Motar Bajinta

Duk majalisar da masu son mota suka zauna, ko a bakin gareji ko a wajen dillalai, tambayoyin ba sa wuce waɗannan: silinda nawa ne da ita, doki nawa take da shi, nawa aka rubuta a ƙarshen agogon gudu. Wanda motarsa ta fi lamba shi ya ci musu. Wannan lissafi bai taɓa gamsar da ni ba. Na sha ganin manyan motoci masu silinda 8 suna ruri kamar hadarin Agusta a kan miƙaƙƙiyar kwalta, amma da an iso kwana sai jikinsu ya kwanta gefe guda, direba ya riƙe sitiyari yana addu'a, in kuma aka taka birki sau uku a jere da ƙarfi, na huɗu sai ka ji ƙafa ta nutse. Masu doki sun daɗe da sanin bambancin dokin hawan sallah da dokin sukuwa. Dukansu ingarmu ne, amma ɗaya don kallo aka yi masa kiwo, ɗayan don ya saurari linzami yana cikin tsananin gudu.

Mota guda na zaɓa don a duba wannan batu a kanta, McLaren F1, wadda aka ƙera a garin Woking na Ingila daga 1992 zuwa 1998. Na zaɓe ta ne saboda an san wanda ya tsara ta, an san abin da ya sa a gaba, sannan an kai ta fagen da ba a ɓoyon cibi.

Mafarin lamarin

A shekarar 1988 ƙungiyar McLaren ta cinye tsere 15 cikin 16 na gasar Fomula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, da Ayrton Senna da Alain Prost a kan sitiyari. Guda ɗayan da ya kuɓuce musu shi ne na Monza a Italiya, a watan Satumba. Injin Prost ya lalace, Senna kuma yana kan gaba, saura zagaye biyu a tashi, ya yi karo da motar Jean-Louis Schlesser. Ferrari ta lashe, wata guda bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin. A hanyar komawa gida, mutum huɗu suka zauna jiran jirgi a filin Linate na Milan: Ron Dennis shugaban ƙungiyar, Mansour Ojjeh da Creighton Brown masu hannun jari, da Gordon Murray, shugaban masu tsara mota. A wannan zaman aka yanke shawarar cewa McLaren za ta ƙera motar hawa, ta kan titi, wadda za ta fi kowace daɗin tuƙi.

Murray ɗan Durban ne a Afirka ta Kudu, an haife shi a 1946. Ya yi shekaru a ƙungiyar Brabham, inda motocinsa suka ba Nelson Piquet kambun duniya a 1981 da 1983. Shi ne kuma ya taɓa ɗaura wa motar tsere katuwar fanka a baya don ta zuƙe iskar da ke ƙarƙashinta, motar ta manne da ƙasa. Niki Lauda ya ci tseren Suwidin da ita a 1978, daga nan aka janye ta. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana faɗa da kowane giram na nauyi, kuma da wannan hali ya shigo aikin.

Abin da ya gindaya wa ma'aikatansa a 1990 shi ne nauyin motar kada ya wuce kilo 1,000, kada ta yi faɗi ko tsawon da zai hana ta shiga ƙananan hanyoyi, direba ya zauna a tsakiya, inji ya kasance babba marar turbo, sannan mutum ya iya ɗaukar jakarsa ya yi doguwar tafiya da ita ba tare da ya sauka yana ɗingishi ba. A cikin sharuɗɗan babu maganar cewa sai ta fi kowace mota gudu a duniya. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a daidai lokacin sauran kamfanoni a kan lambar gudu suke kokawa. Jaguar na shirya XJ220, Bugatti na shirya EB110 mai turbo huɗu, kowa yana son a ce tasa ce ta wuce mil 200 a awa da tazara mafi yawa.

Yaƙi da nauyi

Me ya sa nauyi ya tsaya wa Murray a rai haka? Ƙarfin inji yana amfani ne a wuri ɗaya, lokacin da aka taka totur. Nauyi kuwa ba ya barin mota ko da daƙiƙa guda. In za ta tashi, inji ne ke jan sa. In za ta tsaya, birki ne zai mayar da dukkan ƙarfin tafiyarsa zafi, kuma zafin nan shi ke kashe birki. In za ta sha kwana, tayoyi huɗu ne za su tanƙwara shi, alhali wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu biyu ba. Mota mai nauyi sai an ba ta babban inji, babban inji na buƙatar babban lagireto da babban tanki da manyan birki, waɗannan kuma su ƙara mata nauyi, a koma gidan jiya. Wanda ya rage nauyi tun daga tushe, sai lissafin ya juya yana taimakonsa.

Saboda haka aka ƙera gangar jikin F1 da zaren kabon, irin wanda McLaren ta fara amfani da shi a Fomula 1 tun 1981. Ɗakin da mutane ke zama dunƙule guda ne kamar ƙwarya, mai tsananin ƙarfi da rashin nauyi, kuma a lokacin ba a saba ganin haka a motar sayarwa ba. Wili na magnisiyam ne. Kayan gyaran da ke zuwa da motar, su sifana da sauransu, kamfanin Facom ya yi su da titaniyam don kada su yi nauyin na ƙarfe. Hatta na'urar saka faifan kiɗa sai da aka sa Kenwood ta sake tsara ta ta rage mata nauyi. Wani zai ce wannan ya zama tsanani, me giram ɗari zai ƙara? Amma da ɗigo-ɗigo tulu ke cika, kuma mota tana da dubban sassa.

Duk da haka Murray bai cim ma kilo 1,000 ba. Motar ta fito da kilo 1,138. Don a gane abin da wannan lamba ke nufi, kusan nauyin Toyota Corolla ta 2005 ke nan, irin wadda ta cika titunanmu, mai ƙarfin doki 130. A ɗauki wannan nauyi a ɗora masa doki 627.

Ƙarfin ƙwaryar nan ya bayyana tun kafin a fara sayarwa. A 1993 an kai motar gwaji ta farko Namibiya don a ga yadda za ta jure zafi. Wani injiniyan BMW ya kife da ita cikin gudu mai tsanani, ta wuntsila, ta kama wuta ta ƙone. Shi kuwa ya fito da ransa.

Injin da Honda ta ƙi yi

Honda ce ke ba McLaren injin tsere a wancan zamani, don haka wurinta Murray ya fara zuwa. Ba a daidaita ba. Sai ya koma wurin tsohon abokin aikinsa Paul Rosche na sashen motocin tsere na BMW a Munik, wanda shi ya ƙera injin da Piquet ya ci kambu da shi a 1983. Murray ya nemi doki 550, nauyi kada ya wuce kilo 250, tsawo kuma kada ya wuce santimita 60. Rosche ya kawo masa inji mai silinda 12, lita 6.1, doki 627, nauyi kilo 266. Ya wuce ƙa'idar nauyi da kilo 16, ya kuma wuce ta ƙarfi da doki 77. Murray ya karɓa.

Ƙin turbo da ya yi yana buƙatar bayani, don a yau kusan duk motar da ake kira mai ƙarfi turbo ne da ita. Turbo fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa ƙarin iska cikin inji. Tana ba da ƙarfi mai yawa daga ƙaramin inji, amma sai hayaƙi ya taru kafin ta kama aiki. A motocin wancan lokaci, irin su Ferrari F40, direba zai taka totur, a yi ɗan shiru, sannan ƙarfi ya zo gaba ɗaya kamar an buɗe madatsar ruwa. A miƙaƙƙiyar hanya abin burgewa ne. A tsakiyar kwana, musamman in ƙasa ta jiƙe, wannan jinkiri da wannan tunkuɗa su ne ke juya mota ta kalli inda ta fito. Injin da ke shaƙar iska da kansa kuwa, gwargwadon yadda ka taka gwargwadon abin da zai ba ka, nan take. Direba zai iya auna ƙarfi da yatsun ƙafarsa kamar yadda mai ɗinki ke auna gudun keke. A ganina wannan amsa kira cikin gaggawa da gaskiya ya fi ƙarin doki ɗari daraja.

An kuma dasa injin ƙasa-ƙasa, a bayan direba, gaban tayoyin baya, tankin mai kuma a tsakiya, don nauyi ya taru wuri guda, motar ta riƙa juyawa kamar a kan diddige. Zafin da injin ke fitarwa zai iya cutar da zaren kabon, sai aka lulluɓe ɗakin inji da siririn fallen zinare, kimanin giram 16, saboda zinare na mayar da zafi baya sosai. Mutane kan ba da labarin zinaren nan a matsayin alamar almubazzaranci. Ni a wurina alama ce ta cewa ko da abu mai tsada ya shiga motar, aiki ya kawo shi.

Kujerar tsakiya da abubuwan da aka hana ta

Kujeru uku ne a cikinta. Direba na tsakiya, ya ɗan yi gaba, fasinja biyu a gefensa hagu da dama, sun ɗan ja baya. A motocin gudu masu inji a baya, rumfar tayar gaba kan ci wurin ƙafa, sai a karkatar da totur da birki da kuloci zuwa gefe, direba ya zauna a karkace. Zama a tsakiya ya kawar da wannan. Ƙafa na miƙe, ido na ganin kusurwoyin gaba biyu daidai wa daida, kuma nauyin direba bai rinjayi ɓangare ɗaya ba. Shiga da fita dai akwai wahala, sai mutum ya tsallake kujerar fasinja. Peter Stevens ne ya zana siffar jikin, tsawonta bai kai mita 4.3 ba, kuma babu wani katon fiffike a bayanta. Iskar da ke bi ta ƙarƙashi ce ke danne ta, da taimakon ƙananan fankoki biyu, sai wani faifai a wutsiya da ke tashi in an taka birki da ƙarfi don kada bayan motar ya yi sakayau.

Abin da ya fi jawo gardama shi ne abubuwan da Murray ya ƙi sakawa. Sitiyarinta ba shi da na'urar sauƙaƙa juyi. Birkinta ba shi da na'urar ƙara ƙarfin taku, ba shi da ABS mai hana taya daskarewa. Babu kwamfutar da za ta rage wuta in tayoyin baya sun fara sulɓi. Giya ta hannu ce, guda 6. Hujjarsa ita ce kowace irin wannan na'ura tana da nauyi, kuma tana shiga tsakanin direba da titi kamar tafinta, alhali shi so yake su yi magana baki da baki. In tayar gaba ta fara rasa riƙo, sitiyari zai yi sauƙi a hannu, direba ya ji tun kafin ido ya gani.

Amma kada a ɗauka motar azaba ya yi. Motar da ya ɗauka abin koyi wajen laushin tafiya ita ce Honda NSX, wadda ya mallaka ya hau shekaru. Ya lura cewa tana shanye gargada ba tare da ta saki hanya ba, ya sa aka tsara ƙafafun F1 yadda taya za ta ɗan ja baya in ta daki tudu, amma ba za ta karkace daga inda sitiyari ya nufa ba. An saka na'urar sanyaya ɗaki, an yi ma'ajiyar kaya a gefe biyu da jakunkunan da aka ɗinka daidai wurin. Motar da ba a iya zama a cikinta awa biyar, mai ita zai ajiye ta ya rufe da tamfol, kuma motar da ke ƙarƙashin tamfol ba ta da wata bajinta.

An nuna ta ga duniya a Monako a watan Mayun 1992. A 1994 mujallar Autocar ta gwada ta: daga tsaye zuwa kilomita 96 a awa cikin daƙiƙa 3.2, zuwa 160 cikin daƙiƙa 6.3, zuwa 320 cikin daƙiƙa 28. Kuɗinta ya haura fam dubu 500, a lokacin da tattalin arziƙin Turai da Japan ke cikin matsi. Ciniki bai yi yadda aka so ba. Guda 106 kacal aka ƙera duka, har da na gwaji da na tsere, kuma 64 ne daga ciki na hawa na asali.

Le Mans, 1995

Lambobin mujalla na rana ɗaya ne, a busasshiyar hanya, da sabbin tayoyi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Murray bai so a kai motar tsere ba. Ya sha faɗin cewa motar hawa ya tsara, kuma da ya san za a yi tsere da ita da wata siffa daban zai ba ta. Masu saye ne suka matsa, musamman Ray Bellm ɗan Ingila da Thomas Bscher Bajamushe, waɗanda ke son shiga gasar BPR ta motocin da asalinsu na titi ne. Aka yi musu nau'in da aka kira GTR. Gyaran bai taka kara ya karya ba: an kwashe kayan ɗaki, an saka ƙarafan kariya, an ɗaura fiffike a baya, an ƙara ƙofofin iska, an sauya birki zuwa na kabon. Dokar gasa kuma ta tilasta a matse maƙogwaron injin, ƙarfinsa ya sauko zuwa kimanin doki 600. Wato motar tseren ba ta kai ta hawa ƙarfi ba. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna irin abin da aka sayar wa mutane ba.

Ta fara cin tsere a BPR tun farkon kakar 1995, amma yawancin waɗannan na awa huɗu ne. Le Mans a Faransa awa 24 ne ba tsayawa sai shan mai da sauya taya da direba, a kan zagaye mai kilomita 13.6 wanda wani sashensa hanyar jama'a ce a sauran ranakun shekara. A can ana fafatawa da motocin da tun daga takarda don wannan tsere kaɗai aka zana su, marasa rufi, marasa nauyi, irin su Courage da Kremer. Ba a sa ran motar da ke da wurin ajiye jaka za ta kai labari a cikinsu ba. Babban abin tsoro shi ne akwatin giya, don ba a yi shi domin a yi ta dukansa yini da kwana ba.

Motocin McLaren bakwai suka shiga ranar 17 ga Yuni. Ba a daɗe da tashi ba ruwa ya sauko, ya kuma yi ta zuba mafi yawan dare. Ruwan ya yi musu rana ta fuska biyu. Ya rage gudun kowa, wahalar da akwatin giya zai sha ta ragu. Ya kuma mayar da tseren gwajin wace mota ce ke gaya wa direbanta gaskiya. A jiƙaƙƙiyar hanya cikin duhu, ƙarin doki ba ya amfanar kowa, tunda taya ba za ta iya kai shi ƙasa ba. Abin da ke amfani shi ne injin da ke ba da ƙarfi daidai yadda aka nema, da sitiyarin da ke sanar da hannu cewa ruwa ya fara ɗaga taya. Duk shawarwarin da Murray ya yanke shekara biyar baya, waɗanda aka yi don jin daɗin attajiri a hanyar ƙauye, su suka tashi suka yi aiki a wannan dare.

Mota mai lamba 59, baƙa, ita ce ta gwajin kamfani da aka shigar a ƙurarren lokaci da kuɗin wani mai ɗaukar nauyi daga Japan, Paul Lanzante na kula da ita. Direbobinta uku: JJ Lehto ɗan Finlan, Yannick Dalmas Bafaranshe, da Masanori Sekiya ɗan Japan. Tuƙin da Lehto ya yi cikin dare da ruwa har yau ana ba da labarinsa, yana zabge wa na gaba tazara zagaye bayan zagaye. Wata McLaren ɗin, ruwan ɗorawa, wadda Andy Wallace da Derek Bell da ɗansa Justin ke tuƙawa, ita ta daɗe a kan gaba, sai kulocinta ya fara ba da matsala ana dab da ƙarshe. A baya kuma Courage ta Bob Wollek da Éric Hélary da Mario Andretti, wadda ta yi hatsari da farko ta ɓata lokaci a gyara, tana ta matsowa da hanya ta fara bushewa. Da ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi lamba 59 ta gama zagaye 298, sama da kilomita 4,000, Courage na bin ta da zagaye guda. McLaren ta zo ta 1, ta 3, ta 4, ta 5 da ta 13, a zuwanta na farko. Sekiya ya zama ɗan Japan na farko da ya ci Le Mans gaba ɗaya.

Gaskiya ne da rana ta buɗe tun farko, mai yiwuwa Courage ce za ta ci. Ruwa ya taimaka. Amma ruwan a kan kowa ya zuba, kuma biyar cikin bakwai sun kai ƙarshe.

Lambar da ba a nema ba

Sai a 1998, ana dab da daina ƙera ta, aka je neman iyakar gudunta. Ranar 31 ga Maris, a filin gwajin Volkswagen da ke Ehra-Lessien a Jamus, Andy Wallace ya hau motar gwaji ta biyar, wadda ta riga ta yi shekara biyar tana shan wahala. An ɗaga iyakar juyin injin kaɗan. Matsakaicin zuwa da dawowa ya kama kilomita 386.4 a awa. Babu motar sayarwa da ta wuce wannan sai a 2005.

A shekarar ne Bugatti Veyron ta fito, kuma ita ce kishiyar F1 a tunani. An fara da lamba, doki 1,001 da gudun da ya haura kilomita 400, sannan aka gina mota a kewayen lambar: silinda 16, lita 8, turbo huɗu, tayoyi huɗu duka na ja, tarin lagireto. Ta kai kilomita 407 a awa, kuma aikin injiniya ne da ya cancanci a cire masa hula. Amma nauyinta kilo 1,888. In aka raba ƙarfi da nauyi, kowane tan na Veyron yana samun doki 530, na F1 kuwa 551. An ƙara doki kusan 400, an ƙare da ƙasa da abin da tsohuwar ke da shi a kan kowane kilo.

Inda ta gaza

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba in na tsaya a yabo. Birkin F1 ta hawa bai kai sauran motar ba. Murray ya so na kabon, aka kasa sa shi ya yi aiki da sanyinsa a tafiyar gari, aka koma na ƙarfe daga Brembo. Tunda babu na'urar taimako, sai an taka da ƙarfin gaske. Fitilunta na gaba ma ba su da hasken da ya dace da irin gudunta, Murray kansa ya yarda da haka daga baya. Sitiyari yana da nauyi in ana fakin.

Babban abin dubawa shi ne rashin kwamfutar da ke kama mota in ta fara sulɓi. Doki 627 a kan tayoyin baya biyu, a hannun wanda kuɗi ya ba shi makulli ba horo ba, abu ne mai hatsari, kuma an farfasa su da dama. Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin nan na Ingila, wanda gogaggen mai tuƙi ne kuma ya yi dubban kilomita da tasa, ya yi hatsari da ita sau biyu. A na 2011 ya bar hanya ya daki bishiya, ya ji rauni a kafaɗa, gyaran ya ci kusan fam dubu 900. A nan ina ganin tsarin Murray yana da iyaka. Motar da ke gaya wa direba gaskiya tana amfanar wanda ya iya jin yaren ne. ABS da makamantansa sun ceci rayuka masu yawa a hanyoyin duniya, kuma ba zan so ɗana ya hau motar da ba ta da su ba. Abin da na ɗauka daga F1 shi ne na'ura ta zo ta taimaki mota mai kyakkyawan tushe, kada a ɗora ta don ta rufe asirin mai nauyi da mugun daidaito. Da yawa daga cikin motocin da ake tallatawa yau da doki 600 ko 700 sun haura tan biyu, kuma kwamfuta ce ke riƙe da su a kan hanya. Tana iya ɓoye nauyin daga hannun direba, amma taya da birki suna jin sa, su ne ke biya.

Kasuwar da ta yi mata rowa a 1993 ta dawo tana neman ta ido rufe. A 2021 an yi gwanjon guda ɗaya a Kalifoniya a kan dala miliyan 20 da ɗoriya. Murray kuwa kilo 138 ɗin nan da suka ƙi sauka ba su bar ransa ba. A 2020, yana da shekara 74, ya fito da wata mota da sunan kamfaninsa, T.50, guda 100. Kujera uku, direba a tsakiya, giyar hannu, silinda 12 marar turbo daga kamfanin injuna na Cosworth mai juyi har 12,100 a minti, fanka a baya irin ta Brabham, birkin kabon da fitilu masu haske. Wannan karon ya yarda an saka ABS da kwamfutar hana sulɓi. Bai sanar da wata lambar gudu da yake hari ba. Nauyin da aka sanar kuwa, kilo 986.